Rai dangin goro: abin da nahawun Hausa ke nunawa game da kula da zuciya a zamanin raba mulki da addini

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da fassara tsakanin Faransanci da Hausa ya san akwai kalmomin da ke tsayar da aji cik. Biyu daga cikinsu su ne « spiritualité » da « laïcité ». Idan muka ba ɗalibai ta farko, galibinsu sukan rubuta « addini », wasu « ibada », wasu kuma « ruhaniya ». Idan muka ba su ta biyu, sai mu sami « rashin addini » ko « ba ruwan gwamnati da addini ». In aka haɗa fassarorin biyu, jimlar da ke tambayar yadda mutum zai kula da baɗininsa a ƙasar da ta raba mulki da addini sai ta koma tambayar yadda za a yi addini a inda babu addini. Ke nan tambayar ta lalace tun kafin a amsa ta.

Wa'azi aikin malamai ne, ba shi za mu yi a wannan takarda ba. Abin da muka sa gaba shi ne mu duba yadda harshen Hausa ke magana kan abin da ke cikin mutum, da wanda harshen ya ɗora wa nauyin kula da shi. Za mu fara da kalmomin (sashe na 1), mu gwada su a cikin jimla (sashe na 2), sa'annan mu duba abin da zamani ya sauya a Nijar (sashe na 3 da na 4), mu ƙare da shawarwari ga masu fassara. Mun rubuta misalan bisa ƙa'idar rubutu ta yau da kullum, ba tare da alamar karin sauti ko tsawon wasali ba.

1. Kalmomi biyar

Inda Faransanci ke da « âme » da « esprit », Hausa tana da aƙalla kalmomi biyar, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama.

1.1. Rai. Shi ne abin da ke bambanta mai motsi da gawa. Daga tushensa aka sami rayu, raya, rayuwa da rayayye. Mutum, dabba da itace duk suna da shi. Amma rai bai tsaya ga numfashi ba, yana so, yana ƙi, yana ɓaci: « raina bai so ba », « ransa ya ɓaci ». Shi ake roƙa wa tsawo a gaban manya (« ranka ya daɗe »), shi kuma ake ambata idan ana sakaya mutuwa (« rai ya yi halinsa »).

1.2. Kurwa. Tsohuwar kalma ce da ta riga zuwan Musulunci. A fahimtar gargajiya kurwa tana iya rabuwa da jiki alhali mutum yana raye, shi ya sa maye ke iya kama ta. Masu binciken al'ada sun yi rubutu mai yawa kan duniyar da wannan kalma ta fito: Greenberg (1946) a wajen Maguzawan ƙasar Kano, Monfouga-Nicolas (1972) da Nicolas (1975) a kwarin Maraɗi, Echard (1989) a Adar da Kurfai, Masquelier (2001) a Dogon Dutsi. A bakin matasan birni yau, da wuya a ji kurwa in ba a zancen maita ba.

1.3. Ruhi ko ruhu. Aro ne daga Larabci, ya shigo ta hanyar karatu. Shi ne abin da Allah ke busa wa ɗan tayi, mala'ika ya zare a ranar ajali. Kiristoci masu magana da Hausa ma da shi suke aiki a cikin « Ruhu Mai Tsarki ». A lura cewa daga wannan tushe ne Hausa ta sami rauhani, jam'i rauhanai, wato wasu halittun ɓoye. Saboda haka wanda ya fassara « spiritualité » da « ruhaniya » yana iya sa mai sauraro ya zaci zancen masu aiki da rauhanai ake yi.

1.4. Zuciya. Tsoka ce a ƙirji, kuma ita ce mazaunin niyya, fushi, tausayi da kwaɗayi. Abin sha'awa a nan shi ne, a bakin malaman zaure zuciya tana ɗaukar nauyin kalmomin Larabci biyu, « ƙalb » da « nafs ». Don haka ake yabonta (zuciya ɗaya, farar zuciya, ƙarfin zuciya), ake kuma zarginta (son zuciya, baƙar zuciya, « zuciya mugun nama »).

1.5. Hankali. Shi ma aro ne daga Larabci (« aƙl »), amma ya daɗe har ya zama ɗan gida. Ya haɗa tunani, natsuwa da sanin ya kamata. Yana tashi, yana kwanciya, yana gushewa, yana dawowa.

Muna iya ƙara ciki, wanda ya ba mu farin ciki da baƙin ciki, amma a wannan ma'ana bai cika fita daga ƴan sassan jimla da suka daskare ba, don haka muka bar shi gefe.

2. Gwajin nahawu: wa ke aikata me?

Ma'anar ƙamus kaɗai ba ta isa ta raba waɗannan kalmomi ba. Bari mu sa kowace a cikin jimla mu ga wane aikatau take karɓa, kuma wane ne aikau. Alamar tauraro (*) tana nuna jimlar da kunnen Bahaushe ke ƙi, alamar tambaya (?) kuma wadda yake jinta baƙuwa.

(1) a. Maye ya kama kurwarsa.
b. An tilasta wa mayen ya saki kurwar yaron.
c. *Ya kwantar da kurwarsa.
d. *Ta gyara kurwarta.

(2) a. Allah ya busa masa ruhi.
b. Mala'ika ya zare ruhinsa.
c. ?Ya lallashi ruhinsa.

(3) a. Ya danne zuciyarsa.
b. Ta wanke zuciyarta.
c. Zuciya ta ɗebe shi.

(4) a. Hankalinta ya tashi.
b. Ta kwantar da hankalinta.
c. Ya tattara hankalinsa wuri guda.

(5) a. Ya sa rai.
b. Ya fid da rai.
c. Ya ɓata rai.

Abu na farko da misalan ke nunawa shi ne kalmomin sun kasu gida biyu. A (1) da (2), kurwa da ruhi karɓau ne, kuma mai aikata musu abu wani ne daban mai iko na ɓoye: maye, mala'ika, ko Allah. Mai su ba ya da hannu a kansu. Game da ruhi, wannan ya yi daidai da abin da ake karantarwa daga Suratul Isra'i (17:85), cewa al'amarinsa na Ubangiji ne, kuma sanin ɗan Adam a kansa kaɗan ne. A (3), (4) da (5) kuwa, mai zuciyar, mai hankalin ko mai ran yana iya zama aikau. Yana dannewa, yana wankewa, yana tattarawa, wani lokacin kuma a rinjaye shi kamar a (3c). Gaskiya ne yanzu ana jin « tsarkake ruhi » da « abincin ruhi » a rediyo da rubuce-rubuce, amma a ganinmu waɗannan sun biyo sawun Larabci da Faransanci ne, kuma ba su kai ga hirar tsakar gida ba.

Sakamakon haka, wanda ya ɗauki « âme » ya ce ruhi a ko'ina, ya zaɓi kalmar da Hausa ba ta ba mutum ikon renonta ba. Abin da ake reno a Hausa zuciya ce, da rai, da hankali. Malaman da suka gabace mu sun san haka. Abin da Larabci ke kira « tazkiyatun nafs » sun mai da shi tsarkake zuciya. Littafin Ahalari, na Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda da shi almajiri ke fara fiƙihu a zaurukan ƙasar Hausa, kafin ya shiga babin tsarki da salla sai da ya jera abubuwan da aka hana mutum, a ciki har da girman kai, riya, hassada da ƙiyayya. Duk waɗannan cututtukan zuciya ne.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci. Mu dubi waɗannan:

(6) a. Ta kwantar mini da hankali.
b. Sun faranta masa rai.
c. Ya sanyaya mata zuciya.
d. Kun ɗebe mana kewa.
e. Mun ba shi haƙuri.

A nan mutum biyu ne a cikin jimlar: aikau, da mai zuciyar, wanda ya zo a matsayin karɓau na kaikaice (mini, masa, mata, mana). A (6a) aikatau ɗin yana rukuni na 5 a tsarin Parsons (1960), mai ƙarewa da « -ar da », wato wani ne ya sa hankalin ya kwanta. A (6e) haƙuri ya zama kamar kaya da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu. A gidan makoki ma akan ce « ya muka ji da haƙuri? », mai gaisuwar ya shigar da kansa cikin rashin ta hanyar wakilin suna « mu ». Irin wannan gini yana da yawa ƙwarai a maganar yau da kullum. Haka kuma halaye goma da Kirk-Greene (1974) ya tattara a matsayin siffofin mutumin kirki, wato gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci, kusan dukkansu sai da wani a gabanka ake ganinsu.

Abin da muke so a riƙe daga wannan sashe shi ne: a Hausa, kula da zuciya aiki ne da mutum ke yi wa kansa, amma rabinsa wasu ne ke yi masa.

3. Wane zamani ake nufi?

Kalmar « laïcité » ta samo asali daga Girkanci « laos », wato jama'a, waɗanda ba limaman coci ba. Ta kafu a Faransa bayan doguwar jayayya tsakanin gwamnati da cocin Katolika, wadda ta kai ga dokar 9 ga Disamba 1905 da ta raba su. Magana ce kan hukuma. « Sécularisation » kuwa daga Latin « saeculum » take, wanda ke nufin ƙarni ko zamani, kuma magana ce kan al'umma. A nan Hausa ba ta yi nisa da Latin ba, domin idan muka ce « ɗan zamani » ko « abin duniya » muna kusa da wannan ma'ana.

Casanova (1994) ya nuna cewa abu uku ake cakuɗawa a ƙarƙashin kalma ta biyu: (i) rabuwar fannonin rayuwa, kamar mulki, kasuwa, ilimi da magani, kowane da dokarsa, (ii) raguwar imani da ibada, (iii) komawar addini cikin gida, ya bar fagen jama'a. A yammacin Turai ukun sun zo kusan tare, shi ya sa aka zaci abu ɗaya ne.

A Nijar ba haka abin ya kasance ba. Kundin tsarin mulki na 1960 ya kira jamhuriyar « laïque ». Bayan Babban Taron Ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, lokacin da ake shirya kundin da aka amince da shi a Disamba 1992, ƙungiyoyin Musulunci sun ƙi wannan kalma, aka kuma bar ta. Kundin 2010, wanda ya yi aiki har juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya yi maganar raba gwamnati da addini ne a ƙudurinsa na 3. Muna ganin fassara tana da hannu a wannan gardama. « Ba ruwan wane da abu kaza » yana da fuska biyu a Hausa: yana nufin rashin tsoma baki, yana kuma nufin halin ko-in-kula. Mai rubuta doka fuska ta farko yake nufi, mai sauraro a masallaci ta biyu yake ji.

Idan muka auna da ma'auni uku na Casanova, na (ii) da na (iii) ba su faru ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin 100 na ƴan ƙasa Musulmi ne. A zamanin Seyni Kunce ƙungiyar Musulunci guda ce hukuma ta yarda da ita, wadda aka kafa a 1974. Daga 1991 ƙungiyoyi suka yawaita. Jami'ar Musulunci ta Say tana aiki tun 1986. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta bazu a Maraɗi, Damagaram da Yamai, ɗariƙu kuma ba su kau ba. Bori da tsafin Azna sun ja baya, amma gyaran addini ne ya ture su, ba rashinsa ba.

Ma'auni na (i) kuwa ya tabbata, kuma a wurinmu ya zo da wani abu da Faransa ba ta sani ba: kowane fanni da harshensa. Lakwal, biro, banki da gidan likita Faransanci suke ji. Salla da addu'a da Larabci ake yinsu. Baƙin ciki, kewa da lallashi kuma sai da harshen gida, Hausa ko Zabarmanci ko wani. Dokar sake gina ƙasa ta 26 ga Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma littattafan da likita, alƙali da malamin jami'a suka yi karatu da su ba su sauya harshe a wannan rana ba. Don haka ma'aikaci ko ɗalibi yana shafe mafi yawan yininsa a wuraren da harshen zuciyarsa ba ya da kujera.

4. Abin da wannan rabuwa ke jawowa

4.1. A gidan likita. Mun taɓa raka wata ƴar'uwarmu wani gidan likita, watanni bayan rasuwar mijinta. Ba ta barci, ba ta cin abinci, ta daina zuwa biki da suna. Likitan ya saurara da kyau, ya ce « dépression », ya rubuta magani. Wanda ya yi tafinta ya juyo ya ce mata tana da taɓin hankali. Daga nan ba ta ƙara jin kome ba. Maganin bai shiga bakinta ba, kuma ta roƙe mu kada mu faɗa wa kowa a gida, domin tana da ƴaƴa mata da ba su yi aure ba. Likitan bai yi kuskure ba, tafintan ma bai yi da mugunta ba. Kalmar da ta zo masa kusa ya ɗauka. Alhali Hausa tana da matakai da yawa kafin a kai can: damuwa, ɓacin rai, baƙin ciki, ƙuncin rai, karayar zuciya, fid da rai. Da an ce mata baƙin ciki ne ya yi mata nauyi har ya taɓa barcinta da cin abincinta, kuma akwai maganin da ke taimakawa tare da addu'a da ban haƙurin dangi, da an faɗi gaskiya cikin kalmomin da za ta iya ɗauka zuwa gida.

4.2. A wajen wa'azi. Wa'azi ya bi kaset a shekarun 1980 da 1990, ya bi gidajen rediyo masu zaman kansu, yau kuma yana cikin salula. Ba a taɓa jinsa da yawa kamar yanzu ba, kuma ba mu raina amfaninsa. Sai dai mu koma ga misalai na (6). Muryar da ke cikin salula tana iya tunatarwa, tana iya tsoratarwa, amma ba ta san wanda ke saurare ba, balle ta tambaye shi yadda ya kwana. Ginin jimlar yana bukatar aikau da ya san mai zuciyar. A da, ana samun wannan a zauren malami, a da'irar wazifa, a doguwar gaisuwar safe, a zaman makoki. Waɗannan ba su ɓace ba, amma agogon aiki da nisan unguwanni sun rage musu lokaci, musamman ga wanda ya bar garinsu ya zo karatu ko aiki.

Jama'a ba su zauna jiran masana ba. Makarantun Islamiyya na matan aure, ban da karatu, wuri ne na jin damuwar juna. Fadar matasa, wadda Masquelier (2019) ta yi nazari a kanta, ana yawan zarginta da zaman banza, amma a gefen butar shayi ne saurayin da ya gama karatu bai sami aiki ba yake samun wanda zai ɗebe masa kewa. Ko mun yarda da waɗannan wurare ko ba mu yarda ba, gurbin aikau na (6) suke cikewa.

5. Shawarwari ga masu fassara

a. Kada a ba « spiritualité » kalma guda a ko'ina. Inda ake nufin aikin da mutum ke yi, « kula da zuciya » ko « gyaran zuciya » sun wadatar. Inda ake nufin fannin gaba ɗaya, « rayuwar baɗini » ta fi, tun da zahiri da baɗini sanannu ne. A yi hattara da « tarbiyya », domin a wajen almajiran Shehu Ibrahim Inyas (1900-1975) tana da ma'ana ta musamman, wato horon da muridi ke shiga a hannun shehinsa.

b. A bar ruhi a inda ake maganar halitta, mutuwa da lahira. A bar kurwa a inda ake bayanin al'adar gargajiya, kada kuma a share ta daga ƙamus don ta tsufa.

c. A fassara « laïcité » da jimla cikakkiya: raba mulki da addini, ta yadda hukuma ba ta tilasta wa kowa addini, ba ta kuma hana kowa nasa. A guji « ba ruwan » saboda dalilin da muka bayar a sashe na 3.

d. Sassan nazarin harshe da makarantun koyon aikin likita su haɗu su tsara jerin kalmomin damuwa bisa matakansu. Ƙamusun Mijinguini (1987) da na Caron da Amfani (1997) mafari ne mai kyau, amma sai an je an saurari yadda ake magana a gidajen makoki da ɗakunan jiran likita, a Gobir, Adar, Arewa da Damagaram, domin karin harshe yana iya bambanta.

6. Kammalawa

Hausawa na cewa rai dangin goro ne. Ƙarshen karin maganar yana bambanta daga baki zuwa baki, wasu su ce ruwa ake ba shi, wasu su ce iska ko hutu yake so, amma duk wanda ya ga yadda ake ajiyar goro ya san abin da ake nufi. Ana lulluɓe shi da ganye, a yayyafa masa ruwa, a buɗe huhun lokaci lokaci a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Goro ba ya yi wa kansa wannan aiki, kuma ba a yinsa sau ɗaya a gama.

Mun nuna cewa nahawun Hausa ya raba abin da ba a taɓawa (ruhi, kurwa) da abin da ake reno (zuciya, rai, hankali), kuma ya raba aikin renon tsakanin mutum da na kusa da shi. Mun kuma nuna cewa zamani a Nijar bai rage ibada ba. Abin da ya yi shi ne ya rarraba yinin mutum tsakanin wurare da harsuna, har mai ba da ruwan ya yi wuyar samu a inda aka fi daɗewa. Bayananmu sun dogara ne kan kunnenmu da na ɗalibanmu, saboda haka muna roƙon abokan aiki su gwada misalai na (1) zuwa (6) a nasu karin harshen, masu nazarin Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak kuma su duba ko wannan rabo yana nan a harsunansu. Za mu yi farin cikin ganin sakamakon a fitowa ta gaba.